Tasirin Jadawalin Darussa Kan Ƙwazon Ɗaliban Sakandare: Misali Daga Lugbe

Jadawalin darussa shi ne tsarin da ke raba sa'o'in makaranta tsakanin fannonin manhaja. Hukumar NERDC, wadda aka kafa a 1988, ita ke tsara abin da za a koyar, amma makaranta ce ke tsayar da lokacin da kowane darasi zai shiga aji. A nan za mu duba hanyoyi uku da wannan tsari ke shafar sakamakon ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO.

Hanya ta farko ita ce darasin safe. Lugbe tana bakin titin filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe, wanda ke cunkushewa da safe. Ɗalibin da ya makara da minti 10 a darasi mai minti 40 ya rasa rubu'insa, kuma idan fanni guda ke buɗe aji kullum, shi kaɗai zai ɗauki asarar. A birnin Seattle na Amurka, a 2016 an mayar da lokacin shiga aji daga 7:50 zuwa 8:45. Binciken da ya biyo baya ya nuna ɗalibai sun sami ƙarin barcin minti 34, makinsu kuma ya ƙaru.

Hanya ta biyu ita ce darasin ƙarshe. A watannin Maris da Afrilu zafin Abuja kan tsananta da tsakar rana, ga yunwa da gajiya. Ranar Juma'a kuwa akan tashi da wuri domin salla. Fannin da aka tura waɗannan lokuta yakan rasa hankalin ɗalibi, kuma sau da yawa harsunan Nijeriya ne ke faɗawa nan.

Hanya ta uku ita ce rarraba darussa cikin mako. Tun 1885 masani Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa bitar da aka yi da tazara ta fi zama a ƙwaƙwalwa. Wannan ya shafi Lugbe ƙwarai, inda 'ya'yan Gbagyi da Ibo da Yarbawa ke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu. Darasi uku a ranaku daban-daban ya fi musu amfani bisa a haɗe su rana guda. Haɗa darasi biyu a jere ya fi dacewa da insha'i da gwajin kimiyya.

Saboda haka muna ba da shawarar a riƙa karɓa-karɓar darasin farko da na ƙarshe tsakanin fannoni kowane zango, a kuma sanya malaman harshe cikin kwamitin tsara jadawali.