Littafin Da Mota Ke Rubuta Laifinta

A cikin motar zamani akwai wata 'yar kwamfuta wadda bakanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Aikinta kamar na magatakarda ne. Tana karɓar labari daga na'urorin da ke auna zafin injin, da iskar da yake sha, da hayaƙin da ke fita ta salansa. Idan wani awo ya kauce wa ƙa'ida, sai ta rubuta laifin da lamba.

Tun shekarar 1996 aka wajabta wannan tsari, mai suna OBD-II, a kan motocin da ake sayarwa a Amurka. Ƙasashen Turai suka bi da nasu, motocin fetur a 2001. Kowace lamba harafi ɗaya ce da alƙaluma 4. Harafin P na injin da giya ne. Misali, P0301 ma'anarta silinda ta farko ba ta kama wuta daidai.

Ƙwaƙwalwar nan ba ta gaggawar hukunci. A yawancin laifuffuka, idan ta gani sau ɗaya, ajiyewa take yi a matsayin tuhuma. Sai ya sake bayyana a tafiya ta biyu kāna ta tabbatar, ta kunna fitilar gargaɗi a gaban direba. Tana kuma adana halin da injin ke ciki a lokacin, watau gudunsa da zafinsa. In fitilar tana ƙiftawa, lalle a rage gudu a nemi bakanike, gama man da bai ƙone ba yana lalata matatar hayaƙi.

Shafewa iri biyu ce. Idan an yi gyara na gaskiya, fitilar kan mutu da kanta bayan tafiya 3 a jere ba laifi, lambar kuma ta goge bayan injin ya tashi daga sanyi ya yi zafi sau 40. Ta biyu ita ce a jona na'urar bincike a wani soket mai ramuka 16 kusa da sitiyari, ko a cire kan batir. Wannan wankin allo ne kawai, ciwon yana nan.

To, a nan ne mai sayen mota 'yar Kwatano zai yi hattara. Mai sayarwa yana iya goge lamba da safe, fitila ta mutu, bayan kwana biyu ta dawo alhali kuɗi sun tafi. Amma gogewa tana barin sawu, domin gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwar ke yi wa injin duk sukan koma farko, na'urar bincike kuwa za ta nuna ba su kammala ba. Sa'an nan motocin Amurka daga wajen 2010 suna riƙe wata lamba wadda na'ura ba ta gogewa, cire batir ma haka, sai motar ta tabbatar da gyaran da kanta.

Saboda haka, kafin a ƙirga kuɗi, a kira bakanike mai na'ura, a yi doguwar tafiya da motar, sa'an nan a sake dubawa.