Me Ya Sa Maza Suka Fi Faɗa?

Kowane manomi ya san bambancin bijimi da san da aka dandaƙe. Bijimi ya cika faɗa da tunkuyi, dandaƙaƙƙe kuwa ko yaro sai ya ja shi gona. Haka nan bunsuru da taure. To, me dandaƙa ta raba su da shi?

A shekarar 1849 wani likita a ƙasar Jamus, mai suna Berthold, ya cire wa waɗansu zakaru 'ya'yan maraina. Suka bar cara, suka bar faɗa. Waɗansu kuwa da ya cire, sai ya dasa musu a cikin ciki, suka girma suna cara suna faɗa kamar sauran zakaru. Nan ya gane akwai wani abu da ke fita daga maraina ya bi jini. A 1935 aka tace abin a ƙasar Holan, aka sa masa suna testosteron. Shi ke fito wa saurayi da gemu, ya buɗe masa murya. Mata ma suna da shi, amma na namiji ya ninka nasu wajen sau goma ko fiye.

Ku lura da wannan. Masana sun bincika, sun ga mata na yin fushi kamar yadda maza ke yi. Bambancin yana wajen kai hannu. Cikin kowane mutum goma da suka yi kisan kai a duniya, wajen tara maza ne.

Amma kada wani ya ce, "Ai jinina ne, ba laifina ba." An gwada da birai masu zama garke guda, kowa ya san na gaba da shi. Aka ƙara wa na tsakiya testosteron. Faɗansa ya ƙaru ƙwarai, amma kan wa? Kan na ƙasa da shi. Manyan kuwa bai taɓa su ba. Watau abin ba ya makantar da mai shi, yana sane da wanda ya fi ƙarfi. Haka mutumin da ke dukan matarsa da dare, da safe ya durƙusa gaban mai gari. Da jini ne kaɗai, da mai gari ma ya sha.

Kuma abin ba tsaye yake ba, hawa yake yi da sauka. A ƙasar Filifin an bi samari shekara da shekaru ana auna su, aka bayyana sakamakon a 2011. Waɗanda suka yi aure suka haihu, nasu ya ragu, ya kuma fi raguwa ga masu zama da 'ya'yansu suna renonsu.