Injin Yanka Faifan Garmaho: Tantance Gaskiya Daga Ji-ta-ji-ta

Faifan garmaho, wanda mutane da yawa suka ɗauka kaset da CD sun binne shi, ya dawo kasuwa da ƙarfinsa. A Amurka, ƙungiyar kamfanonin faya-faye ta RIAA ta bayyana cewa a shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41, na CD kuwa miliyan 33. Kafin wannan shekarar, rabon da garmaho ya sha gaban CD a yawan ciniki tun 1987. Kowane faifai cikin waɗannan, kamar dai waɗanda kamfanin EMI na Najeriya ya fitar na Mamman Shata a da, daga wuri ɗaya yake farawa, wato injin yanka.

Ga yadda aikin yake. Ana ɗora ɗanyen faifai a kan faranti mai nauyi da ke juyawa. Ɗanyen faifan nan farantin alminiyam ne da aka shafe da wani fenti mai laushi na naitiroselulos. A samansa akwai kan yanka, wanda ke ɗauke da kwayil biyu da allura guda. Sauti yana shiga kwayil a matsayin wutar lantarki, kwayil ya motsa allura, allura ta yi ta zana tsaga ɗaya tilo mai kewayawa daga baki zuwa tsakiya. Faɗin tsagar bai fi na gashin kai ba. Daga nan sai a fesa wa faifan ruwan azurfa, a lulluɓe shi da ƙarfen nikel, a fitar da hatimin da za a riƙa danna wa narkakkiyar roba a masana'anta. Tun da kasuwa ta farfaɗo, maganganu suka yi yawa a kan wannan inji. Wasu gaskiya ne, wasu ƙarya, wasu kuma sun haɗa biyun.

"An daina ƙera injinan, saboda haka sana'ar ta kusa mutuwa"

Rabin maganar gaskiya ne. Kamfanin Neumann na birnin Balin a Jamus, wanda ya fitar da injinan VMS 66 da VMS 70 da VMS 80, ya bar ƙera injin yanka tun wajen ƙarshen shekarun 1980. Injinan Scully na Amurka da na Lyrec na Denmak su ma tsofaffi ne. Yawancin manyan ɗakunan yanka na duniya da waɗannan tsofaffin suke aiki har yau.

Amma tsufa ba mutuwa ba ne. An gina jikin injinan da ƙarfe mai kauri, kuma abubuwan da ke lalacewa a cikinsu sanannu ne: boris, bel, roba, kafasito da suka bushe, da kwayil. Duk ana canza su ko a sake naɗa su. Akwai kuma ƙananan masu ƙira a Turai da ke yin sababbin kawunan yanka da kwamfutocin tsara tazarar tsaga, har da ƙananan injina irin Vinyl Recorder T560 na Jamus. Abin da ya yi ƙaranci na haƙiƙa shi ne hannun da ya iya gyara.

"Tukunyar iskar da ke gefen injin ce ke kawo gobara"

Ƙarya ce. Iskar da ke cikin tukunyar hiliyam ce, ba ta kama wuta sam. Ana tura ta kaɗan-kaɗan cikin kan yanka don ta kwashe zafin kwayil, domin tana ɗaukar zafi kusan ninki shida fiye da iskar da muke shaƙa.

Haɗarin gobara yana wani wuri dabam. Yayin da allura ke yanka, tana fere wani siririn zare daga jikin fentin. Wannan zare na naitiroselulos ne, kuma yana kamawa nan take da ɗan tartsatsi. Shi ya sa akwai bututun zuƙa dab da allurar, yana janye zaren zuwa cikin kwalba, wadda masu hankali ke zuba wa ruwa kuma su riƙa kwashewa a kai a kai. Idan bututun ya toshe ko ƙarfin zuƙar ya ragu, zaren zai naɗe a kan allura mai zafi, ya ƙone a jikinta, ya ɓata faifan. Wanke bututu da zubar da abin da ke kwalba suna cikin ayyukan da ba a ɗagewa zuwa gobe.

"Gobarar 2020 ta kusa tsayar da buga faifai a duniya"

Gobarar gaskiya ce, tsoron ma yana da dalili. A watan Fabrairun 2020 wuta ta cinye masana'antar Apollo Masters a garin Banning na jihar Kalifoniya. A lokacin ita ce ke samar da mafi yawan ɗanyen faifai na duniya a ƙarƙashin sunayen Apollo da Transco, kuma tana yin alluran yanka. Wanda ya rage a fagen a lokacin shi ne kamfanin MDC na Japan.

Duk da haka aiki bai tsaya ba. Ɗakunan yanka sun koma ga kayan MDC, kuma akwai hanya ta biyu da ba ta buƙatar fenti, wato DMM, wadda kamfanonin Teldec da Neumann suka fito da ita a farkon shekarun 1980. A nan allurar daiman ce ke yanka kai tsaye a kan faranti mai rufin jan ƙarfe. Darasin da masu gyara suka ɗauka shi ne, canza mai kawo ɗanyen faifai ba ƙaramin abu ba ne. Taurin fenti ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka dole a sake daidaita zafin allura da zurfin yanka. Wanda ya bar saitinsa na da ya ji ƙara a faifai, sai ya ɗora laifin a kan inji alhali injin lafiyarsa ƙalau.

"Allurar dutse ce mai daraja, ba ta dakushewa"

Ƙarya ce. Allurar yanka fenti ana yin ta da safaya ko yakutu, amma da awanni ake lissafa rayuwarta. Ana naɗa mata siririyar waya mai ɗumama ta, don ta ratsa fentin sumul. Idan zafin ya gaza, bangon tsaga zai yi kaushi, a ji shuu a bayan waƙa. Idan ya yi yawa, gefen tsagar zai tashi ya yi tudu, zaren kuma ya fara ƙonewa. Idan kuwa aka yi zurfi har allura ta taɓa alminiyam ɗin da ke ƙasan fenti, ta gama aiki a daƙiƙa ɗaya.

Saboda haka, idan ƙara ta bayyana, gwani ba ya fara kwance inji. Yakan yanka tsaga marar sauti a gefen faifai, ya saurara, sannan ya leƙa ta madubin ƙara girma da ke manne da injin. Gani ya kori ji. Bango mai sheƙi alamar lafiya ne. Dogon zane da ke bin tsagar yana nuna bakin allura ya ɓantare ko datti ya maƙale. Gurnani mai ɗorewa yakan fito daga wayar ƙasa da ba ta zauna ba. Bugu sau ɗaya a kowane zagaye yana nuna faifan bai kwanta daidai a kan farantin ba. Sautin da ke lilo, yana hawa yana sauka, shi ne ke sa a duba motar da ke juya faranti da bel da man boris. A bi daga mai sauƙi zuwa mai wuya, a canza abu ɗaya a lokaci guda.

"Amon ƙasa mai nauyi ne ke ƙona kan yanka"

Nan an juya gaskiya. Tun 1954 ake bin ma'aunin RIAA, wanda ke rage amon ƙasa, wato sauti mai kauri, ya ƙara siririn sauti a lokacin yanka, sannan na'urar sauraro ta mayar da kowanne matsayinsa. A can ƙololuwar abin da kunne ke ji, ƙarin yana kaiwa kusan desibel 20. Ma'ana, sautin "s" mai kaifi a bakin mawaƙi, ko ƙarar kuge, su ne ke tura wuta mai yawa cikin kwayil har ya yi zafi ya ƙone. Shi ya sa akwai na'urar da ke daƙile siririn sauti idan ya wuce kima, da makatsar wuta da ke yanke hanya kafin ɓarna ta auku. Duk wanda ya cire wannan kariya don neman ƙarin ƙarfi ya sayi gyara mai tsada da jira mai tsawo.

Amon ƙasa nasa matsalar dabam ce. Yana cin wuri, domin yana karkaɗa tsaga hagu da dama sosai. Kuma a tsarin sitiriyo da Alan Blumlein ya yi wa rajista a Ingila a 1931, kowane bango na tsagar yana ɗauke da ɓangare ɗaya. Idan amon ƙasa na hagu da na dama suka saɓa wa juna, allura za ta riƙa hawa da sauka, tsagar ta yi zurfi a nan ta kusa ɓacewa a can, allurar mai sauraro ta yi tsalle. Maganinsa a haɗe mafi ƙasan amon a tsakiya idan buƙata ta taso. Cewa wai faifan garmaho ba ya ɗaukar amon ƙasa, wannan ba haka ba ne.

"Waƙar ƙarshe ba ta fita sosai, ashe injin ya gaji"

Raunin sautin gaskiya ne, amma ba laifin inji ba ne. Faifai yana zagayawa sau 33 da sulusi a minti daga farko har ƙarshe. A bakin faifai, tsagar na wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa. Kusa da tsakiya gudun yana sauka zuwa wajen santimita 20. Sauti ɗaya ne ake cusawa a wuri da bai kai rabi ba, don haka siririn sauti ke raguwa. Ba gyaran da zai kawar da wannan. Dabarar ita ce a sa waƙoƙi masu ƙarfi a farko, masu sanyi a ƙarshe, kuma kada a tsawaita gefe ɗaya fiye da minti ashirin da 'yan kai.

"Faifan garmaho bai taɓa haɗuwa da kwamfuta ba"

Sau da yawa ba haka ba ne. Injin yana buƙatar sanin sautin da ke tafe kafin ya iso, don ya buɗe tazara tsakanin layuka. A tsarin tef zalla, wani kai na musamman ne ke karanta tef ɗin tun kafin ya kai ga kan da ke ciyar da allura. Amma tun ƙarshen shekarun 1970 ɗakuna da yawa suka koma ga na'urar jinkiri ta dijital, kuma mafi yawan waƙoƙin yau daga fayil ake yanka su. A 2022 kamfanin Mobile Fidelity na Amurka ya amsa cewa ya daɗe yana sa matakin dijital a faya-fayan da masu saye suka ɗauka daga tef kai tsaye aka yanka. Abin da ya fusata mutane ɓoyewar ce, kuma suna da gaskiya. Mai saye ya cancanci a faɗa masa hanyar da aka bi.

"A saurari faifan asali kafin a aika shi"

Kuskure ne mai tsada. Fentin yana da laushi, allurar sauraro tana iya goge bangonsa a wucewa ɗaya. Da ido ake duba faifan asali, wato wanda allura ta yanka, a rufe shi, a aika shi wurin lulluɓa ƙarfe cikin 'yan kwanaki, nesa da zafi, domin fentin yana sauyawa idan ya daɗe. Wanda ake saurara wani faifan gwaji ne dabam.

Idan aka tattara, yawancin abin da ake jingina wa tsufan inji daga ƙananan abubuwa yake fitowa: allura, zafi, zuƙa, tsabta, da ɗanyen faifai. Waɗannan kuwa kulawar kullum ce ke maganinsu. Ya kamata kowane ɗakin yanka ya ajiye littafin da ake rubuta awannin allura, da saitin zafi, da duk gyaran da aka yi, kuma kowane gwani ya zaunar da almajiri a gefensa. Ana iya sake naɗa kwayil a sake ƙera boris, amma ilimin da ya tafi tare da mai shi ba a rubuce ba, babu masana'antar da za ta dawo da shi.