Ƙaramin Injin Amurka Mai Silinda Takwas, da Yadda Ake Ƙara Masa Ƙarfi Domin Motar Kaya

Asalinsa

A cikin shekarar 1955 kamfanin General Motors na ƙasar Amurka ya fito da wani sabon inji a motocinsa masu suna Chevrolet. Shugaban injiniyoyin da suka tsara shi sunansa Ed Cole. Silinda takwas ke gare shi, huɗu a dama huɗu a hagu, sun haɗu daga ƙasa kamar gwafa. Da kamfanin ya ƙera wani mafi girma a 1958, sai daga baya aka riƙa kiran na farkon mai ƙaramar ganga, domin a bambanta su. Ganga kuwa ita ce uwar jikin inji, wadda makanikai ke kira bulok.

Amurkawa suna auna cikin inji da inci kubik, watau sararin akwati mai inci ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Na farkon inci 265 ne, watau lita 4.3, yana ba da ƙarfin doki 162. Aka yi ta faɗaɗa shi: 283 a 1957, 327 a 1962, 350 a 1967, sa'an nan 400 a 1970. Duk da haka ba a taɓa nisan da ke tsakanin tsakiyar silinda da ta kusa da ita ba, inci 4.4 ne a dukkansu. Saboda haka kayan wannan sukan shiga wancan, abin da ya sa masu gyara suka ƙaunace shi ke nan. A 1997 aka sāke masa tsari gaba ɗaya, kuma a 2011 kamfanin ya ƙera na miliyan 100, in an haɗa tsoho da sabo.

Doki da takarkari

Lalle ne mai motar kaya ya san ƙarfin inji iri biyu ne. Akwai ƙarfin murɗawa, shi ne yake ɗaga kaya daga tsaye ya hau tudu da su. Akwai kuma ƙarfin doki, wanda ake samu in an haɗa murɗawa da saurin juyi. Motar tsere ingarma ce, ba ta nuna bajinta sai inji ya kai juyi 6,000 ko fiye a minti. Motar kaya takarkari ce, yawancin aikinta tsakanin juyi 1,500 da 4,000 yake. Wanda ya ɗauko kayan tsere ya ɗora wa a-kori-kura ya kashe kuɗi ya sayi wahala: mota za ta yi ta ruri, ta sha fetur, amma ta kasa tashi da lodi.

Faɗaɗa ciki

Hanya mafi aminci ta samun murɗawa ita ce ƙara girman ciki. Faɗin silindar inji mai 350 inci 4 ne, fistin kuwa yana tafiyar inci 3.48 daga sama zuwa ƙasa. Makanikan Amurka suka lura cewa in an rarake silinda da kashi 30 cikin 1,000 na inci, aka sa karanshaf irin na mai 400, wanda ke kai fistin inci 3.75, inji ya zama 383, watau wajen lita 6.3. Doguwar tafiyar fistin kamar dogon hannun sifana ce, tana ƙara murɗawa tun inji bai yi sauri ba. Gangar da aka fi so wa wannan aiki ita ce mai kusoshi huɗu a mariƙan karanshaf na tsakiya, irin wadda aka sa wa manyan motocin kaya da yawa.

Numfashi

Inji ba ya ƙona fetur sai gwargwadon iskar da ya shaƙa. Iska tana bi ta kan silinda, inda bawul suke. A 1996 kamfanin ya sa wa motocin kayansa wani irin kai mai suna Vortec, wanda ke shigar da iska fiye da na da, yana kuma hawa tsohuwar ganga. Sai dai ramukan kusoshinsa dabam ne, dole a saya masa mashigar iska tasa.

Kamshaf shi ne ke buɗe bawul ya rufe. Na tsere yana barinsu a buɗe da daɗewa, abin da ke amfani a babban juyi amma yana zubar da matsi a ƙarami. Na motar kaya sai ya zama mai gajeriyar buɗewa. Haka kuma kafireto: wanda ya fi ƙarfin inji girma yana sa iska ta yi sanyin tafiya, fetur ya ƙi gaurayuwa sosai.

Matsi da awo

Fistin yana matse iska da fetur kafin fulogi ya kunna su. In kan silinda na baƙin ƙarfe ne, fetur kuma na gidan mai ne, matsi wajen 9 ga 1 ya isa. In ya wuce kima, sai fetur ya fashe gaba ɗaya maimakon ya ci a hankali, a ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙara ita ke huda fistin, kuma mota mai nauyi a kan tudu da zafin rana ta fi kowace saurin kamuwa da ita.

Ba a haɗa inji da ƙiyasin ido. Tsakanin wuyan karanshaf da mazauninsa akan bar sarari wajen kashi 1 cikin 1,000 na inci ga kowane inci na kaurin wuyan, domin baƙin mai ya ratsa. Bakin zoben fistin shi ma akan bar masa wajen kashi 4 cikin 1,000 ga kowane inci na faɗin silinda, gama ƙarfe yana kumbura da zafi. In sarari ya gaza inji ya cije, in ya yi yawa mai ya tsere inji ya buga.

Tashin farko

Sabon kamshaf irin na da, wanda ba shi da 'yan tayoyin gogayya, ba a barinsa ya yi ta juyi a hankali ranar farko. Akan riƙe inji tsakanin juyi 2,000 da 2,500 har minti 20 zuwa 30, domin mai ya fantsamu a kansa, sa'an nan a zubar da man a zuba sabo.

Ƙarin ƙarfi yana zuwa da ƙarin zafi da ƙarin gudu. Saboda haka wanda ya gama da inji bai gama aiki ba tukuna, sai ya duba lagireto, da giya, da birki, ko za su iya ɗaukar abin da aka ƙara. In kuɗinsa bai isa duka ba, ya fara da birki da lagireto, inji ya jira wata shekara.