Idan Aka Ɓoye Sunan Kwalba: Kimiyyar Ɗanɗanar Burbon a Kentaki

A garuruwan Louisville, Bardstown da Frankfort na jihar Kentaki a Amurka, masu sha'awar wuskin da ake kira burbon suna da wani zama da suka mayar al'ada. Kowa zai zo da kwalbarsa, a miƙa wa mutum ɗaya wanda ba ya cikin gasar. Shi zai keɓe ya zuba kaɗan-kaɗan a ƙananan kofunan gilashi, ya liƙa wa kowanne lamba, ya ɓoye kwalaben. Sauran su zauna da biro da takarda, su shinshina, su kurɓa, su rubuta: wannan yana ƙamshin banila, wancan yana da baurin katako, na uku kamar sukari ya ƙone a tukunya. Sai kowa ya jera su daga gwani zuwa na baya, sannan a fito da kwalaben. A nan ake jin kunya. Sau da yawa wanda ya daɗe yana cika baki da kwalbar da ya saya da tsada yakan tarar da hannunsa ya ajiye ta a bayan wata mai araha da ke kowane kanti.

Mafi yawan masu karanta wannan shafi ba sa shan barasa, addini ya hana, ni ma ba tallarta na zo yi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne tambayar da ke ƙarƙashin wannan zama, wadda masana sinadarai da masana ƙwaƙwalwa suka daɗe suna bibiya. Idan mutum ya ce wannan ya fi wancan daɗi, nawa ne daga hukuncinsa ya fito daga abin da ke cikin kofi, nawa kuma daga abin da aka riga aka faɗa masa? Burbon ya dace da wannan gwaji domin doka ta ɗaure shi tamau.

Kafin a kira abu burbon, dole a Amurka aka yi shi, kuma aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka dafa ya zama masara. Ragowar yawanci hatsin rai ne ko alkama, da ɗan tsiron sha'ir. Bayan ya tsimu da yisti, ana turara shi a tara tururin, amma ƙarfin barasarsa kada ya wuce kashi 80. Ba a zuba shi a ganga da ƙarfin da ya haura kashi 62.5, ba a ɗura shi a kwalba ƙasa da kashi 40. Gangar kuwa dole ta zama sabuwa fil, ta katakon itacen ok, wadda aka babbake cikinta da wuta. Ba a ƙara launi, ba a ƙara ɗanɗano, ruwa kaɗai aka yarda. A shekarar 1964 majalisar dokokin Amurka ta ayyana shi a matsayin abin da ƙasar ta keɓanta da shi.

Algus ne ya haifi wannan tsanani. A ƙarni na 19 'yan kasuwa sukan sayi farar barasa mai araha, su rina ta da ruwan taba ko aidin ko ƙonannen sukari, su sayar a matsayin tsohon wuski. Masu sana'ar gaskiya, cikinsu har da Kanar E. H. Taylor na Frankfort, suka matsa har aka yi dokar 1897. Ta ce gwamnati za ta sa hatiminta a kan kwalba ne kawai idan masana'anta ɗaya ce ta yi abin da ke ciki a kaka ɗaya, ya shekara huɗu ko fiye a siton da jami'an gwamnati ke riƙe da makullinsa, kuma ƙarfinsa kashi 50 daidai. Wannan doka ta girmi dokar tsabtar abinci da magunguna ta ƙasar da shekara tara.

To, tunda kowa da irin hatsinsa kusan ɗaya, ƙa'ida ɗaya, ina bambancin yake fitowa? Mafi yawansa daga katako. Abin da ke fita daga tukunyar turarawa fari ne tas kamar ruwa. Duk jan launin da ake gani, ganga ce ta ba shi, kuma masu sana'ar sukan ce fiye da rabin ɗanɗanon ma nata ne. Kafin a haɗa ganga, ana jibge katakon a waje na watanni, rana da ruwan sama su wanke ɗanyen ɗacinsa. Bayan an haɗa ta sai a hura wuta a cikinta na ɗan lokaci, daga kamar daƙiƙa 15 zuwa 55, gwargwadon abin da masana'anta ke so. Zafin yana farfasa sassan katakon. Sinadarin lignin, wanda ke ba itace tauri, yana rushewa ya ba da banilin, wato ainihin abin da ke ƙamshi a cikin banila. Wani sashen mai ɗauke da sukari yana soyuwa, ya bar jan layi a bayan gawayin, daga nan zaƙi-zaƙin alewa ke zuwa. Farin ok na Amurka yana da yawan wasu sinadarai da ake kira lakton, masu ƙamshin kwakwa. Akwai kuma tanin, dangin abin da ke cikin bagaruwar majema, mai sa baki ya ɗaure. Gawayin kansa matata ne, yana tsotse warin kibiritu da sabuwar barasa ke zuwa da shi. Saboda haka wanda ya ce ya ji banila a kofinsa ba mafarki yake ba. Banilin ɗin yana ciki da gaske, kuma ana auna shi a ɗakin gwaji.

Sai yanayi. Kentaki tana da zafi mai tsanani a bazara da sanyi mai tsanani a hunturu. Da zafi ruwan yana kumbura ya kutsa cikin katako, da sanyi ya janye ya fito da abin da ya kwaso. Ana jera gangunan, kowace mai cin kusan lita 200, a manyan sito masu hawa bakwai har zuwa tara, yawancinsu ba na'urar sanyaya ɗaki. Hawan sama ya fi zafi da bushewa, a can ruwa ya fi barasa saurin tserewa ta jikin katako, sai ƙarfin abin da ya rage ya ƙaru, ya nuna da wuri. Hawan ƙasa mai sanyi da laima yana tafiya a hankali. Kowace shekara kimanin kashi 3 zuwa 5 na abin da ke cikin ganga yana bin iska, har gangar da ta kai shekara 20 takan zo ba ta kai rabi ba. Ganguna biyu da aka cika rana ɗaya daga tukunya ɗaya za su iya fitowa kamar ba su taɓa sanin juna ba, don kawai ɗaya ta zauna kusa da rufi.

Shi ya sa manyan kamfanoni ke gauraya ganguna masu yawa, don kwalbar bana ta yi daidai da ta bara. A 1984 Elmer T. Lee ya juya lamarin, ya fito da Blanton's, inda kowace kwalba daga ganga ɗaya tak take. Abin da a da ake ɗauka matsala ya zama haja. Yau ƙungiyoyin masu sha'awa kan je masana'anta su ɗanɗana ganguna kaɗan, su zaɓi guda, su saye ta gaba ɗaya.

Kamfanin Buffalo Trace ya taɓa bin wannan bambanci har gindinsa. Ya zaɓi itatuwa 96, ya raba kowanne gida biyu, sama da ƙasa, ya yi ganguna 192, kowace daga rabin itace ɗaya. Ya sassauya nau'in hatsi, tsawon shanyar katako, yawan babbaka da irin sito, ya riƙa fitar da kwalaben daga 2011 zuwa 2015, jama'a suna ba su maki. Ganga mai lamba 80 ce ta zo ta ɗaya, kuma daga gindin itace aka yi ta. Aikin kamfani ne mai neman ciniki, ba na jami'a ba, amma ya nuna cewa hatta wane ɓangare na bishiya aka sara yana iya kaiwa ga hanci.

Hanci na ce, domin harshe ɗan rakiya ne a wannan aiki. Abin da harshe ya sani biyar ne: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri da ɗanɗanon romo. Sauran duk ƙamshi ne, wanda ke shiga ta ƙofar hanci ko ya hau ta bayan maƙogwaro idan abu yana baki. Ɗan Adam yana da kusan nau'i 400 na ƙwayoyin karɓar ƙamshi, kuma gano yadda suke aiki ne ya ba Linda Buck da Richard Axel kyautar Nobel a 2004. Waɗannan ƙwayoyi ba iri ɗaya ba ne a kowa, gado yana sa wani ya ji abin da wani ba zai taɓa ji ba. Mutum biyu na iya musu a kan kofi ɗaya, kowa yana da gaskiya. Ga kuma cikas: barasa mai ƙarfi tana tsokanar jijiyar da barkono ke tsokana, ta jin zafi, kuma bayan kofi huɗu ko biyar hanci ya gaji. Don haka suke amfani da kofi mai faɗin ciki da tsukakken baki, suna shinshinawa da baki a ɗan buɗe, suna ɗiga ruwa. A 2017 Björn Karlsson da Ran Friedman na Jami'ar Linnaeus a Suwidin sun nuna da lissafin kwamfuta cewa sinadarin gwayakol mai ƙamshin hayaƙi yakan taso saman kofi idan an sirka, ya nutse idan ƙarfin ya yi yawa. Sinadari ɗaya suka bi a cikin ɗaruruwa, kada a ɗora wa binciken abin da bai ɗauka ba.

Inda abin ya fara yi wa masu sha'awar ciwo shi ne gwajin Jacob Lahne na Jami'ar Drexel a 2016. Kowa a cikinsu zai rantse cewa burbon zaƙi gare shi, wuskin hatsin rai kuma yaji-yaji. Lahne ya ba mutum 21 kofuna 10 ba suna, biyar na wannan biyar na wancan, ya ce su kasa su yadda suka ga sun yi kama. Ba su raba su bisa hatsi ba. Ƙarfin barasa, shekaru a ganga da masana'antar da ta yi su ne suka fi jan rabon. Mutum 21 ba yawa ba ne, amma binciken da ya biyo baya a 2019 da horarrun masu ɗanɗano ya kai ga kusan wuri ɗaya. Ni ban ga abin mamaki ba: wanda ke da masara kashi 51 da wanda ke da hatsin rai kashi 51 maƙwabta ne, kuma irin ganga ɗaya suka kwana a ciki.

Farashi kuwa yana shiga har cikin ƙwaƙwalwa. A 2008 Hilke Plassmann da abokan aikinta a Kalifoniya sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ba su ruwan inabi ɗaya sau biyu, sau ɗaya aka ce dala 10 ne, sau ɗaya dala 90. Sun ce mai tsadar ya fi daɗi, kuma sashen ƙwaƙwalwa mai auna jin daɗi ya fi motsi a lokacin. Wato ba ƙarya suka yi don a yabe su ba, daɗin ne da kansa ya ƙaru. Wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa duk harkar yaudara ce ba, ban kuma yarda da masu cewa kuɗi ne ma'aunin inganci ba.

Ba sunan da ya nuna haka kamar burbon ɗin Pappy Van Winkle. Tun da wata cibiyar ba da maki a Chicago ta ba mai shekara 20 maki 99 a 1996, nemansa ya fi samunsa. Farashin da kamfani ya sa 'yan ɗaruruwan daloli ne, a bayan fage kuwa dubbai. A 2013 katan 65 suka ɓace daga masana'antar da ake yin sa a Frankfort, daga baya aka kama wani ma'aikacin cikin gida. A 2023 bincike ya nuna manyan jami'an hukumar kula da barasa ta jihar Oregon suna karkatar da irin waɗannan kwalabe don kansu, shugaban hukumar ya sauka. Hatta kwalbar da aka shanye tana da kasuwa a intanet, kuma kowa ya san abin da mai sayenta zai yi da ita. Alhali a wannan masana'anta ɗin, da haɗin hatsi iri ɗaya mai alkama, ake yin W. L. Weller. Bambancinsu shekaru ne da zaɓen ganga. Da labarin ya bazu, shi ma Weller ya yi wuyar samu.

Akwai kuma sunayen da ba su da tukunyar kansu. Wata babbar masana'anta a Lawrenceburg ta jihar Indiyana, mallakar kamfanin MGP, tana sayar wa kamfanoni da dama ganguna, kowa ya ɗura ya liƙa tarihin kakansa. Ba laifi ba ne a doka muddin an rubuta jihar da aka turara shi, shi ya sa gogaggu ke fara karanta ƙananan rubutun bayan kwalba kafin na gaba. A zaman da aka ɓoye suna, yana yiwuwa mutane su raba gari a kan kwalabe biyu da suka fito daga tukunya ɗaya.

Sinadaran da ake yabo ɗin nan suna da nasu bashin. Binciken Damaris Rohsenow na Jami'ar Brown, wanda ya fito a 2010, ya gwada matasa 95 da burbon da kuma bodka. Burbon yana ɗauke da irin waɗannan sinadarai ninki 37 na bodka, kuma waɗanda suka sha shi sun fi wayar gari da ciwon kai da tashin zuciya. Amma a gwajin natsuwa da saurin martani washegari, duka biyun sun raunana su daidai wa daida, domin wannan aikin ita kanta barasar ne, ba na katako ba. Tun 1988 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke jawo sankara, kuma hukumar ta ƙiyasta cewa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. A farkon 2023 ta ce babu wani adadi da za a kira marar illa. Ma'aikatan da kamfanoni ke biya albashi don tantance ganguna sukan sirka samfur zuwa kusan kashi 20, su yi yawancin aikin da hanci, abin da suka kurɓa kuma su tofar.