Dala ko sefa? Kafin a ƙera manhaja, a fara zama da masu latsa ta

A Yamai da wuya mako ya wuce ba ka ga ƙyalle rataye a ƙofar wani otel ba, ana sanar da taron bita kan sabon aikin zamani. Yau manhajar manoma, gobe ta asibitoci, jibi ta asusun mata. Ana cika ɗaki da daraktoci da wakilan masu ba da tallafi, a yi jawabai da Faransanci, a sha shayi, a sa hannu a takardar kuɗin zama, a watse. Manomin da zai latsa wayar, ko ungozomar da za ta cika bayanan da ƙarfe biyu na dare, sau da yawa babu su a ɗakin. Bayan shekara guda sai a ji ana cewa mutanen karkara ba su karɓi abin ba, alhali tun farko ba a tambaye su ba.

Aikina shi ne shirya zaman da ake yi kafin injiniyoyi su rubuta layi ɗaya na manhaja, wato zaman tattara buƙatun waɗanda za su yi amfani da ita. Abin da na gani a wannan aiki guda ne: jama'a ba za su zayyana maka manhajar da suke so ba, don ba sana'arsu ba ce, amma za su nuna maka yadda suke aikinsu, kuma a nan buƙatun suke. Taron da ya tsaya ga jin ra'ayi kawai, takarda zai haifar. Wanda ya sa mutane suka yi aikin a gabanka, shi ke haifar da abin da za a iya ginawa.

Wannan dabara ba yau aka fara ta ba. A farkon shekarun 1970, masanin kwamfuta Kristen Nygaard ya yi aiki da ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan ƙarfe a ƙasar Norwe, don ma'aikata su sami ta cewa kan na'urorin da za a shigo da su masana'antunsu. Daga can tunanin tsara abu tare da masu amfani da shi ya bazu. A nahiyarmu kuma akwai M-Pesa ta Kenya. Da aka gwada ta a 2005, manufar ita ce masu ƙaramin bashi su riƙa biya ta waya. Sai masu aikin suka lura cewa mutane suna amfani da ita wajen tura wa junansu kuɗi. Suka bi abin da suka gani, kuma a 2007 kamfanin Safaricom ya fito da ita a matsayin hanyar aika kuɗi gida.

Mu ma a Nijar muna da namu darasin. A lokacin ƙarancin abinci na 2010, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi a jihar Tawa, wasu ƙauyuka hannu da hannu, wasu ta hanyar Zap a wayar salula. Binciken da Jenny Aker, wadda a lokacin take jami'ar Tufts ta Amurka, da abokan aikinta suka yi ya nuna cewa matan da suka karɓa ta waya sun rage ɓata lokaci wajen tafiya da jiran layi, kuma abincin gidajensu ya fi bambanta. Ribar tana cikin sa'o'in da mace ta daina ɓatawa a rana, kuma wannan lissafi ne da wadda ta tsaya a layin ta fi kowa sani.

Wa za a gayyata, kuma a ina?

Tambayar farko ita ce wa zai zauna. In ka aika wa magajin gari ko maigari wasiƙa ka ce a turo mutum goma, waɗanda suka saba zuwa taro za a turo maka: masu ɗan Faransanci, masu babbar waya, waɗanda suka san amsar da baƙo ke son ji. Ba laifinsu ba ne, amma ba su ne yawancin jama'a ba. Ni nakan nemi mutane ta hanyar aikin da suke yi. Wadda ke riƙe da akwatin asusu, wanda ke auna hatsi a kasuwa, yaron da ke karanta wa tsohuwa saƙo, mai cajin waya a bakin tasha. Mutum shida zuwa takwas sun isa zama ɗaya. Gara a yi zama uku ƙanana da a tara mutum talatin, uku su yi ta magana saura su yi ta gyaɗa kai.

Nakan raba zaman. Mata daban, maza daban, ma'aikata daban da shugabanninsu. Ma'aikaciyar asibiti ba za ta faɗa a gaban likitan gunduma cewa takan cika rajista a ƙarshen wata daga abin da ta tuna ba. Amma wannan gaskiyar ita ce injiniya ya fi buƙatar ji, don in manhaja ta tilasta shigar da bayani nan take, to za a cika ta da ƙarya ko a ajiye ta.

Wuri da lokaci ma suna yanke hukunci. A yi zaman inda ake aikin, a rumfar kasuwa ko tsakar gidan da mata ke taruwa, don a ga da ido inda rezo ke ɗaukewa da yadda rana ke hana ganin fuskar waya. Kada a sa zama ranar kasuwa, ko da damina lokacin noma, ko da safe sa'ar daka da ɗebo ruwa. Batun harshe kuwa, kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk da haka a Doso ko Tilaberi Zabarmanci za ka buƙata, wani wurin Fulatanci, Tamajak ko Barbarci. Mai jagorantar zaman ya ji harshen da kansa, domin tafinta yakan gyara magana, ya zubar da ƙorafin da kai kake nema.

“Nuna mini” ya fi “me kike so”

In ka tambayi mutum ko yana son manhajar da za ta sauƙaƙa masa aiki, zai ce yana so. Wa zai ƙi? Kuma kunya ba za ta bar shi ya kushe abin baƙo ba. Shi ya sa nake tambaya kan abin da ya riga ya faru: makon jiya da kika karɓi zubi, me kika fara yi? Wa ya ƙirga? A ina aka rubuta? Da aka sami saɓani, yaya aka warware?

A wani zama da ƙungiyar mata masu asusu a wajen Tasawa, irin tsarin Mata Masu Dubara da CARE ta faro a Nijar a 1991, mun zana fuskokin waya a kan kwali, ɗaya daga cikinmu yana canja kwalin duk lokacin da aka taɓa wani wuri. Na ce wa ma'ajiyar ƙungiyar, dattijuwa ce, “Inna, ga wata ta kawo zubinta, ki shigar mana.” Ta ce, “To ɗana, ɗari ta kawo,” ta taɓa ɗaya da sifili biyu. A bakinta ɗari na nufin dala ɗari, wato sefa 500. Manhajar da aka tsara a ofis sefa 100 za ta rubuta. Duk mai sayayya a kasuwannin Nijar ya san da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa 5, jaka ɗaya sefa 1000. Amma takardar buƙatun da aka rubuta da Faransanci ba ta san wannan ba. Da an bar abin haka, ranar rabon asusu lissafin waya zai saɓa da kuɗin akwati har ninki biyar, kuma ma'ajiyar za a fara kallo da idon zargi. Gyaran a kan kwali bai ci ko dala ba.

Haka abin yake da awo. Manomi da tiya da buhu da dami yake lissafi, ba da kilo ba. Haka kuma da waya. Manhajoji da yawa suna ɗauka cewa mutum ɗaya, waya ɗaya, lamba ɗaya. A gidaje da dama wayar ta maigida ce, ko kuma guda ce ake karɓa-karɓa, ga masu layi biyu ko uku suna sauyawa tsakanin Airtel, Moov da Zamani bisa inda rezo ya fi kyau. In saƙon ajiyar mace zai faɗo a wayar da ba ita kaɗai ke riƙewa ba, to batun sirri ya shigo, kuma wata za ta gwammace ta fita daga tsarin gaba ɗaya. Wadda ba ta karatun boko kuma ta iya tura saƙon murya a WhatsApp, ta gane lambar ɗanta da ƙarshen alƙalumanta. Wannan ƙwarewa ce da ake iya gini a kanta.

Zaɓe da alƙawari

Ƙarshen kowane zama sai an zaɓi abin da ya fi muhimmanci, don kuɗin aiki ba ya ɗaukar komai. Nakan shimfiɗa hotunan buƙatun a tabarma, in ba kowa ƙwayar wake biyar ya ɗora inda ya fi damunsa. Wanda ba ya son magana a gaban manya ma yakan ajiye wakensa. Daga nan a rubuta kowace buƙata da jimla mai sauƙi: wa ke buƙata, me zai yi, saboda me. Injiniya ya zo ƙauyen da ƙafarsa ko sau ɗaya, ya zauna ya yi shiru ya kalla. Abin da ya gani a awa biyu ya fi rahoto mai shafi hamsin tasiri a kansa.

Akwai haƙƙi kuma. A faɗa wa mutane tun farko abin da za a yi da maganarsu, a nemi izini kafin hoto ko naɗar murya. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma zaman ƙauye bai fita daga ƙarƙashinta ba. A biya mutane lokacinsu daidai gwargwado, amma a bayyana cewa ba yabo ake saya ba. Kada a yi alƙawarin waya ko rance in ba a da tabbas.

Sannan a komo. Bayan makonni kaɗan a dawo da sabon zane, a ce ga abin da kuka faɗa, ga wanda muka gyara, ga wanda ba mu iya ba da dalilinsa. Ƙauyukanmu sun ga masu tambayoyi da yawa da suka cika littafi suka tafi ba a sake jin ɗuriyarsu ba, shi ya sa wasu ke amsawa da “to, madalla” kawai. Duk mai ba da kuɗin aikin zamani, gwamnati ce ko ƙungiya, yana da damar tambayar masu kwangila kafin ya sa hannu: mutum nawa cikin masu amfani kuka kalla suna aikin, a ina, kuma me kuka canja saboda abin da kuka gani? In babu amsa, kada a fara rubuta manhajar tukuna.