Gaɗa da waƙar makaranta a New Bell

A New Bell ta birnin Duwala a Kamaru, unguwar da Jamusawa suka yanka gab da yaƙin duniya na 1914, Hausawa fatake sun samu mazauni, wasannin yara kuma suka biyo su. Gaɗa ta 'yan mata ce: ana tafi ana amshi, ɗaya ta faɗo da baya, sauran su cafe ta su cilla. Maza kuwa sai langa.

Yanzu gaɗa ta yi kishiya. Faransanci da Turanci ne harsunan hukuma a Kamaru, don haka 'yan nazare na ɓangaren Turanci kan haddace waƙar gadar Landan: biyu su haɗa hannuwa sama, sauran na ratsawa har a ritsa da ɗaya. Wasan bai da wuyar kamawa, baitocin ne dai sai haddar aku.